Tambaya da Amsa: Gidan Haya na 'Yan Kwanaki a Abuja, Ina Za a Sauka, Ina Za a Ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, muna so mu yi hutun mako guda a Abuja, ni da maiɗakina da yara huɗu. An ba mu shawara mu kama gidan da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki, mai kayan ɗaki da kicin, maimakon otal. Na ga da yawa a intanet, kowanne ya ce yana tsakiyar gari. Wace unguwa ta dace da mai iyali, kuma me zan duba kafin in tura kuɗi? Daga mai karatu a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada hoton falo da kujerun alfarma su ja ka. Unguwa ake fara zaɓa, sannan gida. Dalili shi ne, Abuja gari ne da aka tsara domin mai mota. A Birnin Kebbi kana leƙowa ƙofar gida za ka tare kabu-kabu, amma a can tun 2006 aka hana babur ɗin haya shiga cikin birni, keke mai ƙafa uku ma sai a unguwannin gefe da cikin manyan rukunin gidaje. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane gida ita ce: cikin tafiyar minti goma a ƙafa, akwai masallaci, da shagon kayan masarufi, da kemis, da wurin sayen abinci? In babu, ko burodin karin kumallo sai ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa.

Da wannan ma'aunin, Maitama da Asokoro ba su dace da kai ba, duk da kyansu da tsaronsu. Unguwannin manya ne da ofisoshin jakadanci, katanga bayan katanga, kana iya tafiya mai nisa ba ka ga mai shayi ba. Wuse 2 kuwa komai yana kusa, musamman kewayen titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola, ga masallacin An-Noor. Aibinta shi ne gidajen rawa da na shaye-shaye sun yi yawa a wasu layukan, kiɗa har tsakar dare a ƙarshen mako. Tsohuwar Wuse mai Zone 1 zuwa 7, da Garki, sun fi arha kuma sun fi kama da garin da mutane ke rayuwa a ciki, sai dai gine-ginen sun kwana biyu. Ga mai yara huɗu, mun fi karkata ga Jabi, Utako ko Gwarinpa. Jabi da Utako na kusa da tashoshin mota da kasuwa da tafki. Gwarinpa ta fi nisa da tsakiyar gari, amma akwai keke a cikinta, da masallatai da masu abinci birjik a manyan layukanta.

Batun "tsakiyar gari" kuwa, kada ka yarda da baki. Ka sa mai gidan ya turo maka alamar wurin ta WhatsApp, ka buɗe ta a taswirar Google, ka duba tsawon lokacin tafiya zuwa Babban Masallacin Ƙasa sau biyu: da ƙarfe bakwai na safe da kuma biyar na yamma a ranar aiki. A nan gaskiya ke fita. Akwai gidajen da ake tallatawa da sunan Abuja alhali suna Mararaba, wadda ke jihar Nasarawa, kuma cunkoson hanyar Nyanya zai cinye maka rabin yini. Kubwa da Lugbe ma haka, sassauci a kuɗin haya, tsada a kuɗin mota. In da damina za ku zo, ka yi tambaya sosai kan Lokogoma da wasu sassan Lugbe, domin sun sha fama da ambaliya.

Sai wuta, wadda ita ce ta fi haddasa rigima tsakanin baƙo da mai gida. Tambaye shi a rubuce: mitar mai kati ce, kuma wa zai sayi wutar? Tun Afrilun 2024 layukan da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, ke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Gida mai na'urar sanyaya ɗaki uku da na'urar ɗumama ruwa zai sha kuɗi mai kauri a mako guda. In an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? In sola ce, tana ɗaukar firji da na'urar sanyi, ko fitila da fanka kaɗai? Haka ruwa da gas ɗin girki. Akwai kuma kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna. Ranar da kuka shiga, ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki, har da tabon kujera da tsagewar gilashi, ka tura wa mai gidan nan take. Rashin yin haka ne ke sa a riƙe wa mutane kuɗinsu ranar fita. Kuma kada ka biya duka tun daga gida sai wani naka da ke garin ya je ya ga wurin da idonsa, ko an zagaya da kai ta kiran bidiyo tun daga bakin titi.

Tambaya: Za mu sauka a irin wannan gida a Garki tare da surukata, tsohuwa ce da ba ta cin komai sai tuwo da fura. Ni kuma ina tsoron shiga gidan abincin da ban san abin da ake dafawa ba. Yaya za mu yi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Amfanin gida mai kicin ke nan, ki dafa na safe da na dare, a ci na rana a waje. Ki taho da abin da ba shi da nauyi amma samun mai kyaunsa ke da wuya ko tsada a can: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu da garin tuwo. Ki sa muciya da maburgi a kaya, domin yawancin waɗannan gidajen cokali da faranti kawai suke ajiyewa, tukwanensu kuma ƙanana ne. Shinkafa kilo biyar za ta ishi mutum shida mako guda in sau ɗaya ake cinta a rana. Nama da kayan miya ki saya a kasuwar Garki ko ta Wuse da hantsi, saboda ana rufe kasuwannin nan da yamma. Yawancin mahauta da masu kayan gwari mutanenmu ne, da Hausa za ki yi ciniki.

Neman na waje kuwa, kada ki fara da intanet. Ki fara da maigadi, maigida kuma ya tambaya a masallaci bayan sallar azahar inda ma'aikata da direbobi ke cin tuwo. Wurin da ya cika tsakanin ƙarfe ɗaya da uku shi ne abin nema, domin tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta kwana. Ku guji abincin da aka jera cikin gilashi tun rana aka kai shi dare, musamman mai kwakwa ko ƙwai ko ganye ɗanye, shi ne ke ɓata ciki. Kewayen Zone 4 na Wuse, inda 'yan canji suke, ba a rasa abincin Arewa. Kilishi kuwa Area 1 da ke Garki aka sani da shi, kuma kusa da ku ne. A ɗanɗana kafin a saya, a zaɓi wanda ya bushe ƙayau, mai laushi da danshi ba ya jure tafiya. Furar Inna a sayi ƙwallon furar da nono daban, a dama a gida da ruwan gora.

Tsoronki yana kan hanya. Wuraren shaƙatawa na cikin lambu da ake gasa kifi da dare, galibinsu ana sayar da giya. Gidajen abincin 'yan Sin da wasu na Turawa kan sa naman alade a jerin abincinsu, wani lokaci har da giya a cikin miya. Tambaya ba abin kunya ba ce: akwai alade a kicin ɗin, kuma daga ina naman yake? Gidajen abincin Labanawa da na Turkawa sun fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska, amma su ma a tambaya. Sannan ki duba ƙasan takardar farashi. Manyan wurare na ƙara harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wasu har da ladan hidima, sai kuɗin ya zarce abin da kika lissafa.

In za ku fita da dare, ku kira mota ta manhajar Bolt ko inDrive, ku daidaita lambar motar da fuskar direba da abin da waya ta nuna. Kada ku tare motar da ke ɗauke da fasinjoji a bakin titi, ta nan masu ƙwace a cikin mota ke samun mutane.

Tambaya: Ina za a kai yara su huta ba tare da kashe kuɗi da yawa ba, kuma ana samun kifi mai kyau? Daga mai karatu a Argungu.

Amsa: Mutumin Argungu da tambayar kifi, ai ba a mamaki. Kasuwar kifi ta Kado ita ce wurin, ba ta da nisa da Jabi da Gwarinpa. Ka je da safe, ka duba jan da ke ƙarƙashin kunnen kifin da hasken idonsa, tarwaɗa kuwa ka sayi mai rai a gyara maka a wurin. Sai dai farashin ba irin na bakin gulbi ba ne, ka shirya.

Yara kuma, filin shaƙatawa na Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disamban 2003, yana da faɗi da inuwa, ku tafi da tabarma da abincinku. Tafkin Jabi ya fi daɗi bayan la'asar. In za su shiga kwale-kwale, kada yaro ya taka ciki sai an ɗaura masa rigar ceto daidai jikinsa, ba ta manya ba.