Jami'i ya rufe fuska a hanya, ta yaya zan gane ba ɗan fashi ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne ina lodin Kaduna zuwa Zariya. Wani dare wasu mutum huɗu suka tsayar da ni, baƙaƙen kaya, fuska a rufe sai idanu kawai, ba suna ba lamba a ƙirji, wallahi fasinjojina har sun fara salati wata baiwar Allah ta cusa wayarta cikin zani, ashe wai jami'ai ne. Ƙanena ɗan sanda ne, ya ce ai dole su rufe fuska tunda 'yan bindiga har gida suke bin su. Dan Allah wa ke da gaskiya?
Direba, daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba, sannu da wannan firgici. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, wanda aka tura daji ko kamen ɗan Boko Haram shi ma yana da mata da yara a gari, in aka gane shi su za a fara taɓawa. Wannan kam ban ga laifinsa ba.

Amma shinge a kan titi daban ne gaskiya. A hanyar da ake satar mutane, in jami'i ya yi shiga irin ta masu garkuwa to ya ba su sutura kyauta, gobe su ma su ɗaga maka hannu ka tsaya, in kuma ka taka mota ka wuce a ce ka ƙi bin umarni, ina talaka zai sa kansa? Kuma in an mare ka ko an karɓe maka kuɗin mai, ƙarar wa za ka kai, idanu?

Abin da ya ci SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, ke nan ai, kayan gida da mota ba lamba. Ranar 4 ga Oktoba 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana fita sintiri cikin kayan gida, ranar 11 ga wata aka rusa rundunar baki ɗaya. A Kenya ma bayan zanga-zangar haraji ta 2024 babbar kotu ta ce 'yan sandan da aka tura wajen zanga-zanga su sa kaki da suna ko lamba, kada su rufe fuska.

Ni dai a ganina ko an rufe fuskar, lambar aiki ta fito ɓaro-ɓaro a ƙirji. Ɗan bindiga ba zai gano gidan mutum da lamba ba, amma ofis ya san mai ita.

In ka sake haɗuwa da su kar ka yi musu a wurin, rai ya fi. Ka riƙe lokaci da wuri da lambar motarsu in akwai, da safe ku je ofis kai da shugaban tasharku.