Amsa: Gari mai sauƙin haya a Ingila inda 'yan Asiya suke da yawa

Malam, tunda kana neman garin da maiɗakinka 'yar Pakistan za ta sami 'yan'uwanta ba tare da haya ta cinye albashinka ba, shawarata ita ce ka cire Landan daga lissafi. Ka duba Bradford, inda ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna 'yan asalin Asiya ne, galibinsu Pakistanawa, kuma masallatai da shagunan naman halal sun wadata a unguwar Manningham. Lesta ma tana da Indiyawa da yawa, amma hayarta ta fi tsada. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka tambayi kuɗin ɗumama gida, domin tsofaffin gidajen Bradford suna cin gas sosai lokacin sanyi.