Tambaya da Amsa: Kwamfutar da ba ta da fanka, ina zafinta zai bi?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan haɗa ƙaramar kwamfuta marar fanka da irin firosesan (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ake sa wa laftof. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum. Ina so in haɗa 'yar kwamfuta da za ta wuni ta kwana a kunne ba ƙarar fanka, don rubutu, intanet da kallon bidiyo. Wane firosesa zan nema? Kuma zan iya ciro na tsohuwar laftof ɗina in ɗora a sabon allo?

Wa alaikumus salam, Malam. Ta biyun ta fi gajarta: ba zai yiwu ba. Firosesan laftof na yanzu ba cusa su ake yi a gurbi ba, liƙe su ake yi da dalma a jikin babban allo, wato madabod. Saboda haka allo da firosesa tare za ka saye su, kuma abin da ka zaɓa ranar farko da shi za ka zauna.

Wajen zaɓi, kafin ka kalli gudu ka kalli lambar da ake kira TDP, wadda ke nuna yawan zafin da aka tsara firosesa zai riƙa fitarwa. Duk wat ɗin wutar da ya shiga kwamfuta zafi yake komawa, kuma idan babu fanka sai ka samar masa wata hanyar fita. Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023, yana da ƙwayoyin aiki huɗu, gudunsa na kaiwa 3.4GHz, TDP ɗinsa wat 6. Ga aikin da ka lissafa ya isa har da saura. N97 wat 12 ne, i3-N305 mai ƙwayoyi takwas kuma wat 15. Daga wat 6 zuwa 15 ana sanyayawa ba wahala. Da ka haura wat 25, akwatin zai yi girma da nauyi har sunan "ƙarama" ya daina dacewa da ita.

Kada wat 6 ɗin nan ya ruɗe ka. Na firosesa ne shi kaɗai, kuma alluna da yawa sukan bar shi ya zarce zuwa wat 20 ko 25 na ɗan lokaci. Ga RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), ga SSD (ma'ajiyar fayiloli), ga asarar da ake yi wajen sauya wuta, duk suna ƙara nasu zafin. Ka yi lissafinka a kan wat 15 zuwa 20 idan tana cikin aiki sosai.

Waɗanne kaya zan tanada, kuma da me ake farawa?

Hanya biyu ce, kuma gara ka san wadda za ka bi tun kafin ka sayi komai.

Ta farko ita ce allon Mini-ITX, mai faɗin santimita 17 a kowane gefe, wanda ya zo da nasa ƙarfen shan zafi a ɗaure. ASRock N100DC-ITX da ASUS Prime N100I-D D4 misalai ne. Na ASRock yana karɓar wuta kai tsaye daga adafta mai 19V (V ma'aunin ƙarfin wuta ne), kuma doguwar RAM ta DDR4 irin ta kwamfutar tebur yake ɗauka. Na ASUS gajeriyar RAM irin ta laftof yake ɗauka, sannan yana buƙatar wuta ta mahaɗi mai fil 24. Irin wannan allo akwati mai huji da yawa yake so, sama da ƙasa, don iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa mai zafi ta fice ta sama. Ka sa shi a rufaffen akwati, ka gasa shi.

Ta biyu ita ce akwatin alminiyom mai haƙarƙari a jiki, wanda shi kansa ne ke shan zafin. Akasa, Streacom da HDPlex suna ƙera irinsu. A nan mutane suka fi yin asara, domin ramukan notin ɗaure ƙarfen shan zafi a allunan da aka liƙa wa firosesa ba su bin tsari ɗaya. Akwatunan Akasa na allunan ƙananan kwamfutocin da ake kira NUC, alal misali, kowanne da zubin NUC ɗin da aka yi shi dominsa. Ka duba jerin allunan da masu akwatin suka ce ya dace da su. Idan naka ba ya ciki, ka haƙura da shi.

RAM sanda ɗaya ce kawai, don N100 layin RAM ɗaya yake da shi, kuma 16GB ne iyakar da Intel ta amince da shi. Sai SSD, adafta, man zafi (wanda ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen shan zafi), da sukundireba ƙarama.

Ka fara haɗawa a kan tebur, a wajen akwati. Ɗora allon a kan kwalinsa, sa RAM da SSD, jona allon kallo da wuta, ka tabbata BIOS, wato shafin saitin allon, ya buɗe ya ga komai. Sannan ka shigar da shi akwati. Ka ƙirga 'yan ƙafafun tagullar da allon ke zama a kansu: ɗaya tak da ta tsaya inda babu rami za ta iya taɓa bayan allon ta haɗa wuta.

Na sayi akwati mai haƙarƙari, na haɗa komai, amma firosesa yana kaiwa digiri 95 cikin minti biyu alhali jikin akwatin sanyi ƙalau. Ina matsalar take?

Ka riga ka faɗi amsar da bakinka, Malam. Akwati mai sanyi da firosesa mai zafi na nufin zafin bai samu hanyar isa akwatin ba. A irin wannan kwamfuta, akwatin da ya ɗumama shi ne mai aiki.

Zafi yana tashi daga ƙwayar silikon, ya ratsa man zafi, ya shiga dunƙulen jan ƙarfe ko alminiyom, ya bi ta bututu ko kai tsaye zuwa bangon akwati, daga nan iska ta ɗauke shi. Jan ƙarfe yana wuce da zafi da ƙarfin kusan 400 a ma'aunin da ake amfani da shi, alminiyom kusan 200, iska kuwa 0.026. Ka ga ke nan ko tazarar da ba ta kai kaurin takarda ba, idan iska ce a ciki, ta isa ta tare hanyar gaba ɗaya.

Abin da aka fi samu shi ne an sa matashin zafi, wato ɗan faifan robar nan mai laushi, a inda ya kamata a sa mai. Ga lissafin. A ɗauka faɗin wurin da ke taɓawa santimita ɗaya ne murabba'i, zafin da ke wucewa wat 10. Matashi mai kaurin milimita 1 da ƙarfin 6 zai ci maka kusan digiri 17. Mai milimita 2 zai ci 33. Man zafi da aka matse ya koma siriri, kamar 0.05 na milimita, kusan digiri 1 kawai yake ci. Matashi na SSD ne da ƙananan sassan da ke daidaita wuta. Kan firosesa mai ake sawa, sai fa idan masu akwatin da kansu suka tsara shi da matashi, to a nan sai ka bi kaurin da suka faɗa daidai. (Ka kuma duba ko ka ɓare ledar da ke fuskokin matashin biyu. Ana mantawa da ita fiye da yadda ake zato.)

Kwance dunƙulen ka kalli sawun man. Idan ya bazu ko'ina siriri har kana hango ƙarfe ta cikinsa, zaman ya yi kyau. Idan gefe ɗaya ya matsu ɗayan yana nan tuli, dunƙulen a karkace yake. Goge duka da sifirit na goge kayan lantarki, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka shafe fuskar silikon ɗin duka har kusurwoyi. Firosesan laftof ba su da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, silikon ɗin a fili yake, don haka noti huɗun da ke riƙe dunƙulen a gicciye ake ɗaure su, rabin juyi ga wannan, rabin juyi ga na kusurwar da ke fuskantarsa, har su zauna tare. Wanda ya ɗaure ɗaya tam kafin sauran zai iya ɓantare kusurwar silikon, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Idan akwatin mai bututun zafi ne, a shafa mai a duk inda bututun ya kwanta, a ɓangaren dunƙule da na bango. Bututun rufaffe ne, da ɗan ruwa a ciki da ke zama tururi ya kai zafin ɗaya bakin. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi har ya maƙure. Narkakken ƙarfen nan mai galiyom da wasu ke yabo a madadin man zafi kuwa, kada ya kusanci alminiyom, cinye shi yake yi.

Tawa tana aiki lafiya da farko, amma bayan kamar awa guda sai ta fara nauyi, akwatin kuma ya yi zafin da ba na iya barin hannuna a kai.

Malama, taki akasin ta sama ce. Zafin yana isa akwatin, amma akwatin ba ya iya sauke shi da saurin da yake shigowa. Dalilin jinkirin kuwa nauyin ƙarfe ne. Akwatin alminiyom mai kilo 1.5 yana buƙatar kusan minti 38 na wat 15 kafin ya ƙaru da digiri 25, ko da bai zubar da komai ba. Shi ya sa gwajin minti goma ba gwaji ba ne. Ki sa ta aiki mai nauyi da manhajar Prime95 ko stress-ng na awa biyu, kina kallon zafin da manhajar HWiNFO a Windows ko lm-sensors a Linux, har lambar ta daina hawa.

Iskar da ba a kaɗa ta ba tana ɗauke wat 5 zuwa 10 daga kowace mita murabba'i a kan kowane digiri na bambanci. Mu ɗauki 6. Ɗaki yana digiri 30, kina so akwatin ya tsaya a 55, kina zubar da wat 15: kina buƙatar fili mai santimita murabba'i 1,000. Ɗakin ya koma digiri 40, buƙatar ta tashi zuwa kusan 1,700. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma sai ya ƙara shi.

Gyara na farko kyauta ne: tsayar da akwatin yadda haƙarƙarin za su miƙe daga ƙasa zuwa sama, iska ta bi tsakaninsu ta hau. Ki ba shi sarari kamar santimita 10 ta kowane gefe, ki fitar da shi daga cikin kabad, kada a ɗora masa littafi ko a rufa masa ƙyalle don ƙura.

Na biyu a BIOS yake, kuma a ganinmu shi ne ya fi kowane amfani. Ki nemi PL1 da PL2. PL1 shi ne wat ɗin da firosesa ke zama a kai na dogon lokaci, PL2 na ɗan yunƙurin farko. Ki sa PL1 a 8 ko 10, PL2 a 15, ki sake gwaji. A BIOS da yawa da miliwat ake rubutawa, wato wat 10 shi ne 10000. N100 sai ya kai digiri 105 yake jan birki da kansa, amma ba can ake so ya zauna ba, domin zafin yana rage kwanan sauran sassan da ke kewaye da shi. Idan ya tsaya ƙasa da 85 bayan awa biyu, ya yi. A buɗe shafin intanet ko rubutu ba za ki ji bambanci ba, sai a aiki mai tsawo kamar sauya fasalin bidiyo.

Ina da cajar laftof mai 19V. Zan iya jona ta da picoPSU?

Tsaya tukuna ka karanta jikinsa. Yawancin picoPSU, wato 'yar na'urar da ke raba wa allo wuta ta mahaɗi mai fil 24, 12V suke karɓa, kuma 12V ɗin nan miƙa ta suke yi ga allo yadda ta shigo, ba tare da sun rage ta ba. Ka ba su 19V, allon ne zai sha ta. Akwai nau'in da aka rubuta wa WI, wanda ke karɓar 12V zuwa 25V, shi ne zai yi da cajarka. Shigar kai cikin rami ba shaida ba ce: kai mai milimita 5.5 da 2.5 ana samunsa a adaftoci masu ƙarfi daban-daban. Ka duba V, ka duba zanen da ke nuna tsakiyar fil ɗin ce mai alamar tarawa. Adafta mai 12V da 5A wat 60 ce, ta ishi N100 da SSD biyu.

Wane SSD ya fi dacewa? An ce in sayi mafi gudu.

Asarar kuɗi ce. N100 layukan PCIe 3.0, wato hanyoyin da bayanai ke bi, guda 9 kawai yake da su, ana raba su tsakanin komai, don haka gurbin M.2, inda ake sa SSD, yakan samu ɗaya ko biyu. Kowane layi bai kai 1GB a daƙiƙa ba. SSD mai tsananin gudu ba zai samu hanyar gudun ba, zafi kawai zai ƙara maka, kuma da yawansu daga digiri 70 zuwa 80 suke fara rage aiki. Sayi matsakaici, ka sa masa matashin zafi da zai haɗa shi da bangon akwati. SSD na SATA, wato tsohon mahaɗi mai ƙarancin gudu, ma ya isa, ya kuma fi sanyi. Faifai mai juyawa kuwa zai dawo maka da ƙarar da ka gudo.

Tun da na rufe akwatin Wi-Fi ya raunana, sannan ina jin wata siririyar ƙara kamar ta sauro.

Akwatin ƙarfe yana tare siginar rediyo, dole eriya ta fito waje. Nemi gajerun wayoyi biyu masu kan MHF4 a ɓangaren katin Wi-Fi na M.2 da RP-SMA a ɓangaren bango, ka ɗaura eriyoyin a baya. Kan MHF4 ƙanƙane ne ƙwarai, a saitin tsaye ake danna shi da farce har ya ce ƙas, idan aka danna a karkace sai ya lotse.

Ƙarar kuwa daga naɗaɗɗun wayoyin da ke daidaita wuta take fitowa, suna rawa da saurin da kunne ke iya ji. Da ma tana nan, fanka ce ke rufe ta. Kara kunnenka a adafta tukuna, don sau da yawa ita ce mai laifin, kuma canza ta ya fi sauƙi. Idan daga allon ne, kuma ta fi fitowa lokacin da kwamfutar ba ta aikin komai, shiga BIOS ka taƙaita zurfin barcin firosesa, wato C-states, mataki ɗaya ka saurara. Za ta ƙara shan wuta kaɗan a zaune, don haka ka sake auna zafinta bayan ka canza.