Sartre ko Lévi-Strauss, wa za a fara karantawa?

Tambayarka ita ce da wa za ka fara, in kana so ka gane taƙaddamar masu falsafar wanzuwa (existentialism, mai ɗora muhimmanci kan 'yancin mutum da zaɓinsa) da masu falsafar tsari (structuralism, mai ganin tsarin harshe da al'ada ne ke juya tunanin mutum) a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Fara da Jean-Paul Sartre, jagoran masu falsafar wanzuwa. Amma kada ka taɓa babban littafinsa na 1943, L'Être et le Néant, tukuna, shafi sama da 700 ne, kuma masu farawa da yawa a gabatarwarsa suke maƙalewa. Nemi laccar da ya gabatar a Faris a Oktoban 1945, wadda aka buga a 1946 da sunan L'existentialisme est un humanisme. A zama ɗaya za ka gama ta. A ciki ya ce mutum yakan wanzu ne da farko, sannan ya gina kansa da zaɓinsa, alhakin zaɓin kuma yana wuyansa.

Dalili kuwa, masu falsafar tsari martani suke yi masa, in ba ka ji mai magana ba, ba za ka fahimci mai amsa ba. Daga nan wuce babin ƙarshe na littafin La Pensée sauvage (1962) na Claude Lévi-Strauss, masanin al'adu kuma jigon masu falsafar tsari, inda ya tunkari Sartre kai tsaye a kan matsayin tarihi. Sharaɗi ɗaya: kafin wannan babin ka riƙe batun Saussure, masanin kimiyyar harshe, cewa ma'anar kalma daga bambancinta da sauran kalmomi take fitowa. Ba tare da shi ba, sai ka ɗauka Lévi-Strauss tatsuniyoyi kawai yake jerawa. Masanin falsafa Michel Foucault kuwa ka bar shi daga baya, shi kansa ya sha ƙin a sa shi cikin masu falsafar tsari.