Tifa nawa ce za ta cike tsakar gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsakar gidana tana da tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 30, kuma duk damina ruwa ne yake kwanciya a cikinta. Magini ya ba ni shawarar in yi ciko da marmara mai kaurin inci 4, ya ce tifa biyu ta isa, amma direban tifa ya dage cewa sai uku. Wane ne mai gaskiya a cikinsu, kuma ta yaya zan yi lissafin da kaina? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin ba shi da wahala: ana raba yawan ƙasar da ake da ita da kaurin da ake so, abin da ya fito shi ne faɗin filin da za ta rufe. Sharaɗinsa guda ne, wato a yi dukkan awon da ma'auni iri ɗaya, kada a cakuɗa ƙafa da inci.

Filinka ƙafa 40 sau ƙafa 30 ne, wato murabba'in ƙafa 1,200. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, saboda haka inci 4 sulusin ƙafa ne. Sulusin 1,200 kuwa 400 ne, ke nan kana bukatar ƙasar da za ta cika akwati 400, kowanne mai ƙafa ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, abin da masu gini suke kira ƙafa kubik.

A nan ne kalmar "tifa ɗaya" take ruɗa mutane, domin tifa ba mudu ba ce da girmanta yake sananne. Akwai ƙarama, akwai babba, kuma ko mota ɗaya ce, lodin yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba. Abin da ya kamata shi ne ka ɗauki tef ka auna cikin bodin motar kafin a juye, tsawo da faɗi da kuma zurfin da ƙasar ta kai idan aka baje tozon da ke tsakiya. A matsayin misali, mu ɗauka tsawon ƙafa 12 ne, faɗin 7, zurfin 2 da rabi. Idan aka ninka su za a sami ƙafa kubik 210. Hanya mafi sauƙi daga nan ita ce ka ninka 210 sau 12, sannan ka raba da incin da kake so. A inci 4 wannan lodi zai rufe murabba'in ƙafa 630, a inci 2 zai rufe 1,260, a inci 6 kuwa 420 kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba 210 da 4 kai tsaye, a sami 52 da rabi, sai mutum ya zaci yana bukatar tifa sama da ashirin.

Da irin wannan mota, tifa biyu za su rufe murabba'in ƙafa 1,260, wanda ya ɗara filinka kaɗan, kuma da alama lissafin da magininka ya yi ke nan. Sai dai ƙasar da ke cikin mota a sake take, akwai iska a tsakaninta, kuma da zarar an baza ta an yayyafa ruwa an daddanne ta, ko ruwan sama ya sauka a kanta, sai ta kwanta ta ragu. Don haka masu aikin ciko suke ƙara wajen kashi ɗaya bisa huɗu a kan lissafi. 400 ta koma 500 ke nan, kuma 500 ta fi abin da tifa biyu za su kawo, wato 420. A ganina maganar direba ce ta fi kusa da daidai, ko da yake yana da riba a cikinta, matuƙar dai motarsa ba ta fi wadda na misalta girma ba.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne kaurin kansa. Filin da ruwa yake kwanciya a cikinsa ba a shimfiɗe yake ba, akwai kwari akwai tudu, saboda haka inci 4 a bakin ƙofa yana iya zama inci 7 a tsakiya. Ka kafa turaku a kusurwoyi, ka ɗaura igiya a tsayin da kake so cikon ya tsaya, tare da ba ta ɗan gangara zuwa wajen rariya, sannan ka auna daga igiyar zuwa ƙasa a wurare kamar tara, ka tara sakamakon ka raba da tara. Wannan adadi ne kaurinka na gaskiya. Ƙarin inci ɗaya tak a filinka ƙafa kubik 100 ne, kusan rabin tifa.

Masu karatunmu na Nijar da suke awo da mita suna da sauƙi: mita kubik ɗaya tana rufe murabba'in mita 10 a kaurin santimita 10, ko 20 a kaurin santimita 5. Filin wannan mai tambaya wajen murabba'in mita 111 ne, kuma inci 4 ya ɗan haura santimita 10.

Idan kuma daga baya ka yi niyyar zuba kankare a kan cikon, kada ka tara siminti da yashi da tsakuwa ka ɗauka jimillarsu ce za ta fito, domin yashi yana shiga tsakanin tsakuwa, siminti kuma ya shiga tsakanin yashi. Busasshen kaya na kusan mita kubik ɗaya da rabi ne yake ba da mita kubik ɗaya ta kankare, kuma a haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowace mita kubik tana cin buhu 6 da ɗan kai na kilo 50. A kaurin inci 4, tsakar gidanka za ta ci buhu kusan 70.