Tambaya da Amsa: Wa Ke Magana da Yawunmu a Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, dukkansu daga jihar Gombe, kuma dukkansu a kan kwamitin da ake cewa shi ne wakilin jama'a a matakin mazaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, ina zaune a cikin garin Gombe. Kwanakin baya na raka ƙanwata haihuwa asibitin unguwarmu cikin dare, muka tarar babu wuta, babu ruwa a tanki, har sai da ungozoma ta karɓi haihuwar da fitilar waya. Da na koka, wata ma'aikaciya ta ce in kai kukana wurin kwamiti, domin su ne wakilanmu. Ni kuwa ban taɓa jin labarinsu ba, ban san wanda ya zaɓe su ba. Su wane ne, wa ya ba su ikon magana da yawunmu, kuma mace irina tana da damar halartar zamansu?
Daga wata uwa, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa mai jego lafiya. Kwamitin da aka ambata miki shi ne Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya suka fi kira da WDC, kuma ma'aikaciyar ta nuna miki ƙofar da ta dace, ko da yake ya kamata ta haɗa miki da sunan shugabansa da ranar zamansa.

Tunanin kafa irin wannan kwamiti ya samo asali ne daga taron da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya a birnin Alma-Ata a shekarar 1978, inda ƙasashe suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai mutanen da ake yi dominsu sun shiga cikin tsara shi da tafiyar da shi. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya dage a kan wannan tafarki lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma a 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa. Daga farkon shekarun 2000 hukumar ta mayar da mazaɓar kansila ta zama tushen tsarin, wato kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya da kwamitin jama'a da zai tsaya a kanta. Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, saboda haka duk inda kike zaune, akwai kwamitin da a ƙa'ida ke ɗauke da sunan unguwarku.

Yadda aka tsara shi kuwa, kowace unguwa ko ƙauye tana da ƙaramin kwamitinta, ita ce ke tura wakili zuwa na mazaɓa. Ana son a ga wakilan mata, da matasa, da malaman addini na Musulmi da na Kirista, da malamin makaranta, da ƙungiyoyin masu sana'a irin su direbobin tasha, waɗanda su ake nema idan naƙuda ta tsananta cikin dare. Hakimi ko dagaci uban kwamiti ne, amma shugaba da sakatare da ma'aji 'yan kwamitin ne ke zaɓen su daga cikinsu. Jami'in da ke kula da asibitin, wanda aka fi sani da incaji, yana zama tare da su domin ya ba da bayani, ya kuma amsa tambaya. Zama sau ɗaya ne a wata, kuma aikin na sa-kai ne, babu albashi.

Abin da ya ƙara wa kwamitin nauyi shi ne kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Dokar ta raba kuɗin: kashi 50 na inshorar lafiya, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi da kayan amfanin yau da kullum, kashi 15 na gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga kai tsaye cikin asusun bankin asibitocin da aka tantance, bisa tsarin aikin da suke rubutawa duk bayan wata uku, kuma shugaban kwamiti yana cikin masu sa hannu tare da incaji. Don haka idan asibitinku yana cikin waɗanda ke karɓa, gyaran famfo da tanki da fitilar sola a ɗakin haihuwa suna cikin irin abubuwan da kwamiti ke da bakin cewa a sa su a gaba. Ba ungozomar da ta riƙe fitilar waya ce ke da laifi ba; ita ma tana cikin waɗanda abin ya cuta.

Sai dai, Hajiya, kasancewar kina zaune a unguwar ba ki taɓa jin labarin kwamitin ba, wannan shi kansa babban aibi ne, kuma ba naki ba ne. A wurare da dama ana haɗa sunayen ne a zaure tsakanin mutum uku ko huɗu, a ba wani na hannun daman ɗan siyasa shugabanci, a rubuta sunayen mata biyu domin cika sharaɗi, alhali ba a taɓa aika musu da sanarwar zama ba. Irin wannan kwamiti yana da hatimi da sa hannu, amma ba ya wakiltar kowa. A ganina wakilci yana da hanya biyu ne: wakili ya ɗauki kukan jama'a ya kai, sannan ya dawo ya faɗa musu abin da aka ce da abin da aka kashe. Duk kwamitin da ba ya dawowa da bayani ya bar rabin aikinsa, ko da mutanen kirki ne a cikinsa.

Game da damarki, kina da ita cikakkiya, kuma mata ne suka fi kowa cancantar a saurare su a nan, tunda su ke zuwa awon ciki, su ke kai yara rigakafi, su ke kwana jinya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki koma wurin incaji da rana, cikin natsuwa, ki nemi sunan shugaban kwamiti da na wakiliyar mata da ranar zama na gaba. Ki yi shawara da maigida, domin goyon bayansa zai sauƙaƙa miki, wataƙila ma ya raka ki ko ya yi wa mai unguwa magana. Kada ki tafi ke kaɗai. Ki nemi wasu matan da suka ga abin da kika gani, ku rubuta koken a takarda da kwanan wata, ku riƙe kwafi, ku kuma roƙi sakatare ya shigar da shi cikin rahoton zama. Wannan shigarwar ita ce muhimmiya, domin ita za ta ba ku damar dawowa wata mai zuwa ku tambayi inda aka kwana. Idan aka yi zama biyu ko uku babu amsa, ko kuka gano cewa kwamitin ba ya zama sam, sai ku kai takardar sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku ba kansilanku kwafi, daga nan kuma akwai hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Ku sani dai cewa kwamiti ba ya ɗaukar ma'aikata, ba ya gina sabon asibiti. A irin waɗannan, aikinsa shi ne ya matsa wa hukuma da yawunku.

Tambaya: Na kammala karatun difloma, ina zaune a Kumo, kuma ina sha'awar shiga irin wannan kwamiti, amma an ce mini aikin manya ne. Shin haka ne? Kuma mene ne bambancinsa da aikin kansila?
Daga wani matashi, Kumo.

Amsa: Malam, ba haka ba ne, matasa suna da gurbi a cikin tsarin, kuma ana bukatarsu. Bari in fara da bambancin. Kansila zaɓaɓɓe ne a ƙarƙashin jam'iyya, yana zama a majalisar ƙaramar hukuma, inda ake yin ƙananan dokoki da amincewa da kasafin kuɗi. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya tabbatar da cewa ƙananan hukumomi za su kasance a hannun zaɓaɓɓun shugabanni, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma ce gwamnoni ba su da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomin riƙo. Kwamitin mazaɓa kuwa ba na jam'iyya ba ne, ba ya yin doka, kuma ƙarfinsa yana cikin yardar jama'a da sanin halin da suke ciki. Su biyun suna bukatar juna, amma ranar da kwamiti ya zama reshen jam'iyyar kansila, rabin mutanen mazaɓar za su daina zuwa.

Hanyar shiga ita ce ta ƙasa. Ka fara da kwamitin unguwarku ko ƙungiyar matasan da kake ciki, domin su ne za su gabatar da kai. Ka je ka gaida mai unguwa, ka bayyana masa niyyarka, ka nemi izinin halartar zama a matsayin mai sauraro. Sannan ka ɗauki aikin da dattawa suka fi jin nauyinsa: rubuta rahoton zama, adana rasit, zagayawa a ƙirga rijiyoyin burtsatsen da suka lalace, ko bin gida gida tare da masu wayar da kai lokacin rigakafi. Matashin da ya zo da takarda mai ɗauke da sunayen famfunan da suka mutu da tsawon lokacin da suka yi a haka ya fi samun kunnen manya fiye da wanda ya zo da zargi. Akwai kuma kwamitin kula da makarantar firamare, wanda ke da gurbin tsofaffin ɗalibai, idan harkar ilimi ta fi jan hankalinka. Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kai: idan alawus kake hange, za ka gaji da wuri, domin abin da ake samu bai wuce kuɗin mota na taron bita jefi-jefi ba.

Tambaya: Ni sakataren kwamiti ne a wata mazaɓa a kudancin jihar. Muna kiran taron jama'a, amma mutane ba sa zuwa, sai daga baya su ce ba a shawarce su ba. Ina mafita?
Daga wani sakatare, Gombe ta Kudu.

Amsa: Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗin samun wasiƙa daga ɓangarenku. Kafin a ɗora wa jama'a laifi, a duba lokaci da wuri da harshe. Taron da aka sa da hantsi a tsakiyar damina, ko ranar kasuwa, an riga an cire manoma da 'yan kasuwa daga cikinsa. Taron da kullum ake yi a ƙofar fada ko a hedikwatar mazaɓa ya cire mata da mutanen ƙauyukan nesa da na rugage. A yankinku kuma, inda ake jin Tangale da Waja da Fulatanci, tsohuwar da Hausarta ba ta nuna ba za ta yi shiru ne ko da tana da magana, sai an samar mata wanda zai fassara. Ku riƙa zagayawa da taron daga ƙauye zuwa ƙauye, ku ba da sanarwa a masallatan Juma'a da coci-coci mako guda kafin ranar, ku sa mai shela ya zaga, ku tura a WhatsApp domin matasa, ku kuma bar wakiliyar mata ta yi nata zaman da mata a ranar awon ciki, ta kawo muku abin da suka ce a rubuce.

Amma babban dalilin da ke hana mutane dawowa shi ne sun taɓa zuwa, sun yi magana, ba su sake jin komai ba. Saboda haka ku buɗe kowane taro da karanta koke-koken da aka kawo a na baya, ɗaya bayan ɗaya, kuna faɗin wanda aka magance, da wanda aka tura ƙaramar hukuma ana jiran amsa, da wanda ya gagara da dalilin gagararsa. Bayan haka ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo asusun asibiti a wata ukun da suka wuce da abin da aka saya da shi, sannan a manna kwafin a bangon asibitin, a wurin da masu jiran ganin ma'aikaci ke zama, tare da sunayen 'yan kwamiti da unguwar da kowannensu ke wakilta da ranar zama na gaba.