Kawu yana so hutun Hajiya a Istanbul ya zama hanyar shigo da ƙanena

Assalamu alaikum. Ni ɗan Katsina ne, na yi digiri na biyu a Turkiyya, yanzu ina aiki da izini a wani kamfanin aika kaya a Istanbul. Na tara kuɗi domin in kawo mahaifiyata hutun mako biyu, ta ga gari ta yi ziyara. Da labari ya kai kunnen Kawu sai ya ce lallai in haɗa da ƙanena mai shekara 20, ya rako ta a matsayin ɗan yawon buɗe ido, in ta tashi komawa shi ya zauna. Wani ejan a unguwar Aksaray ta Istanbul ya ce da dala 2,500 zai mayar masa da bizar ta zama ikamet, wato izinin zama, ya kuma sama masa aikin ɗinki. Abin da ake nema a wurina shi ne takardar gayyata da rabin kuɗin. Da na nuna shakka sai aka fara cewa na samu wuri na manta da na baya. Hajiya kuwa ta yi shiru. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun da ka daɗe a ƙasar ba sai na koya maka cike takardu ba, saboda haka zan fara da hajar da ejan ɗin yake tallatawa, domin haja ce da aka daina bayarwa. Kafin 2022 gaskiya ne mutum yakan shigo da bizar yawon buɗe ido, ya kama haya, ya sayi inshorar lafiya, ya nemi izinin zama na gajeren lokaci, a ba shi. Da yawa daga cikin mutanenmu na Aksaray da Esenyurt ta wannan ƙofa suka shiga, kuma labarinsu ne har yau yake yawo a majalisun gida, shi ne kuma Kawu ya ji. Amma daga watan Fabrairu na 2022 hukumar shige da fice, wato Göç İdaresi, ta rufe wannan ƙofa ga mafi yawan masu neman izinin farko da sunan yawon buɗe ido. Tun 2021 aka hana yi wa sababbin baƙi rajistar zama a gundumar Fatih, wadda Aksaray da Laleli suke cikinta, da kuma Esenyurt, sannan a watan Yuli na 2022 aka rufe unguwanni fiye da dubu a faɗin ƙasar, duk inda baƙi suka kai kashi 20 cikin ɗari na mazauna.

To me ejan zai ba ku a bakin dala 2,500? Na ga yadda abin yake tafiya har ya ishe ni. Zai shiga shafin intanet na hukuma, wanda kowa yana iya shiga daga wayarsa, ya cike neman izini da adireshin wani gida da ƙanenka bai taɓa gani ba, ko da takardar wata makarantar koyon harshe da ba zai taɓa halarta ba, ya buga takardar ranar ganawa ya miƙa masa. Yaro zai ɗauki hotonta ya tura gida, a yi ta murna ana cewa takardu sun fito. Bayan wasu watanni amsa ta zo cewa an ƙi, bizar ta riga ta mutu, lambar ejan kuma ta daina shiga. Na san wani yaro da aka riƙe masa fasfo har sai da danginsa suka ƙara kuɗi, na kuma san wanda aka ba shi kati mai kyan gani, bai gane na jabu ba ne sai ranar da aka ɗora yatsansa a kan na'ura a ɗaya daga cikin motocin binciken baƙi da suka fara tsayawa a dandalolin Istanbul a 2023. Dokar baƙi mai lamba 6458, ta shekarar 2013, a sashe na 54 ta jera dalilan tasa ƙeyar mutum, kuma uku daga cikinsu suna cikin wannan shiri na Kawu: wuce wa'adin biza da fiye da kwana goma, gabatar da bayanin ƙarya, da yin aiki ba izini. Wanda aka kama ana iya tsare shi a irin gidan tsare baƙi da ke Tuzla har wata shida, a ƙara wasu shida, kuma kwana bakwai kacal yake da su na ƙalubalantar hukuncin kora a kotu. Bayan haka ga tara, ga hana shigowa ƙasar da kan kai shekara biyar.

Ko da an yi sa'a katin ya fito na gaske, ikamet ba izinin aiki ba ne, kai ma ka sani, tun da kamfaninku ne ya nema maka naka a ma'aikatar ƙwadago. Aikin ɗinkin da ake faɗa yana nufin tsayuwa daga safe har dare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba inshora, kuma ranar da maigida ya hana albashi babu inda za a kai ƙara. A irin wuraren nan ne ejan na biyu yake samun yara, wanda zai ce musu Girka tana kusa, ko ta kwalekwale daga gaɓar Izmir ko ta kogin Meriç a wajen Edirne.

Kai kuma takardar gayyatar da za ka sa wa hannu a gaban noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardu, tana ɗauke da sunanka da adireshinka da lambarka ta baƙo. Shaida ce kake bayarwa cewa baƙonka zai koma, alhali ka san an shirya ba zai koma ba. Wannan ƙarya ce tun kafin a zo maganar doka, kuma za ta zauna a fayil ɗinka a ƙasar da kake sabunta izini lokaci bayan lokaci. Ranar da za ka so gayyato Hajiya karo na biyu, ko ka kawo iyali, da wannan tarihi za a auna maganarka.

A nan ina bayanka, kuma ba na jin nauyin faɗa. Kawu babba ne, girmansa yana nan, amma girma ba ya ba mutum ikon yin kasada da zaman wani da kuma rayuwar yaro ɗan shekara 20 a kan labarin da ya ji a bakin dillali. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka ɗauki kyautar da ka yi niyyar yi wa mahaifiyarka aka mai da ita tsanin wata buƙata, har ta kai baiwar Allah ta yi shiru tsakanin ɗan'uwanta da ɗanta. Wanda ya manta da gida ba ya tara gumin shekaru domin ya nuna wa uwarsa duniya. Kada ka yi musu da Kawu a waya gaban mutane, kada kuma ka aika masa saƙon murya mai zafi da za a yi ta turawa. Ka sami wani dattijo da yake jin maganarsa, ka bayyana masa dokar dalla-dalla, shi ya kai. Hajiya kuma ka gaya mata gaskiya da bakinka, har da maganar tsarewa, domin uwa ba za ta zaɓa wa ɗanta haka ba in ta san abin da ke ciki.

Ita dai ka kawo ta, kuma ka yi abin a tsanake. Ta nemi biza a ofishin jakadancin Turkiyya da ke Abuja da tikitin zuwa da komawa, fasfonta kuma ya zama yana da aƙalla kwana 60 bayan ƙarewar bizar. Ka zaɓi Afrilu ko Mayu, ko kuma Satumba zuwa Oktoba, domin sanyin Istanbul mai haɗe da ruwa ba na tsohuwar Bakatsiniya ba ne. Ka fara kai ta masallacin Eyüp Sultan, inda kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, da sassafe kafin cunkoso. Daga nan sai fadar Topkapı, ɗakin kayan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa, amma ka tuna ana rufe fadar ranar Talata, babbar kasuwar rufi kuma ranar Lahadi. Ayasofya ta koma masallaci tun 2020, za ta iya yin salla a ciki. Kada ka tara mata wurare uku a rana ɗaya, garin tudu da gangare ne, gwiwa tana jin jiki. Wata rana ku hau jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar kawai, ta zauna ta sha iska. In da hali ku kwana ɗaya a Bursa ta ga babban masallacin Ulu Cami.

Ka kuma shirya ta a kan al'adun mutanen, domin abin da zai fi zama mata a rai ke nan. Turkawa suna girmama tsoho ƙwarai: za su kira ta teyze, wato inna, matasa za su sumbaci hannunta su ɗora a goshi, kada ta firgita. In maƙwabta suka gayyace ku za a cire takalmi a ƙofa, a zuba mata ruwan turaren kolonya a tafin hannu, a yi ta cika mata ƙaramin kofin shayi har sai ta ce ya isa. Mafi yawansu Hanafawa ne, za ta ga 'yan bambance-bambance a salla da zikirin da ladan yake ja bayan sallama, kuma Juma'a ranar aiki ce a can. A gefe guda za ta ga mata ba lulluɓi da gidajen giya a Taksim, gara ta ji daga bakinka kafin ta gani.

Ƙanenka ma yana da hanya, sai dai ba ta gaggawa ba ce. Izinin zama na iyali bai shafi ƙane ba, na mata ko miji ne da 'ya'ya, saboda haka kada wani ya ruɗe ku da shi. Abin da ya dace da shekarunsa shi ne karatu. Tallafin gwamnati na Türkiye Bursları yakan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu kowace shekara, neman kyauta ne ba ta hannun kowa ba, yana haɗe da shekarar koyon Turkanci, kuma mai neman digiri na farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba, wato wannan zagayen ne nasa. Ka zauna da shi ta waya ku cike tare. Rabin kuɗin da ake so ka ba ejan kuma ka ajiye shi ko dai na rajistar jami'a, ko na jari a gida in karatun bai samu ba. Idan kuwa Kawu ya riga ya tura wani abu, a bar shi a matsayin asara, amma kada fasfon yaron ko hotonsa ya isa hannun mutumin nan, kuma duk abin da ya sake faɗa muku ka kira lambar hukuma ta baƙi, 157, ka tambaya da kanka kafin ka mayar wa gida da amsa.